Sunan Da Muka Ɗauka Na Mutum Ne, Ashe Na Gari Ne: Neman Sawun Kakanmu A Tawayen Satiru Na 1906

 Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan mako domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Na bar maganar kusan yadda ta fito daga bakina, sai ɗan gyara nan da can.

Yau ba sarki za mu ɗauko ba, ba kuma wani babban malami ba. Cikin gidanmu zan shiga da ku. Tun daga farko bari in faɗa, ba zan ambaci sunan ƙauyenmu ba, ba zan ambaci sunan kowa a zuriyarmu ba. Alkawari na ɗaukar wa baffana, kuma za ku ji dalili kafin mu rabu. Abin da zan iya cewa shi ne ƙauyen yana tsakanin Bakori da Malumfashi, ƙasar laka, ƙasar dawa da masara da auduga.

Kakan mahaifina, kowa a ƙauyen Basakkwace yake ce masa. Ya rasu 'yan shekaru kafin a ba da mulkin kai, lokacin mahaifina yana ƙaramin yaro. Abin da muka taso muka ji shi ne, mu Sakkwatawa ne, kakanmu almajiri ne da ya fito cin rani, ya ga ƙasa mai albarka, ya yi sassabe, ya zauna. Shi ke nan. In ka ce wane gari a ƙasar Sakkwato, sai a ce maka ai Sakkwato. In ka ce ina danginsa, sai a ce yana da wani ƙane wai shi Satiru, wanda ya yi ta kiran sunansa a ciwon ajali. Har na girma ina jin wannan suna a matsayin sunan mutum, irin su Nasiru da Haliru da Bashiru. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, wai shin na taɓa haɗuwa da wani mai suna Satiru kuwa?

Sai wata rana ina karanta wani littafi kan zuwan Turawa ƙasar Hausa, na ga an rubuta Satiru, an sa 1906 a gefe. Wallahi sai da na rufe littafin na yi shiru. Ashe gari ne. Garin da aka shafe daga doron ƙasa.

To bari in ba ku labarin garin tukuna, don ku gane abin da ya sa tsoho zai shekara hamsin bai furta sunan garinsu ba sai da ciwo ya kwance masa baki.

Satiru ƙauye ne kudu da birnin Sakkwato, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, a yankin su Dange da Shuni da Danchadi. Masu bincike sun nuna mutanen da suka taru a can iri uku ne: talakawa manoma da haraji ya isa, malamai marasa kusanci da fada, da kuma bayi da suka gudo daga gandayen iyayen gijinsu. Ku riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

Kun san Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris na wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, suka bi shi har Burmi, ya yi shahada ran 27 ga Yuli. Suka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu. A idon talakawa da yawa, wannan alama ce ta ƙarshen zamani, kuma maganar bayyanar Mahadi ta daɗe tana yawo a ƙasar tun kafin Bature. A 1904 wani malami a Satiru da ake kira Maikaho ya yi da'awar Mahadi. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi.

Ƙarshen 1905 zuwa farkon 1906 sai tawaye ya tashi a ɓangaren Faransa, a Kobkitanda ta yankin Dosso, cikin Nijar ta yanzu. Faransawa suka murƙushe shi, jagoransa, wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, ya ƙetaro da mutanensa ya sauka Satiru. Wuta ta samu iska. Ran 13 ga Fabrairu 1906, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, mutanen Satiru suka faɗa wa maƙwabtansu na Tsomau da suka ƙi bin su, suka kashe mutum fiye da goma. Wannan ba zan tsallake shi ba jama'a, domin su ma mutanen Tsomau talakawa ne, Musulmi ne, kuma su ma suna da jikoki.

Kashegari, Laraba 14 ga wata, Turawa suka fito daga Sakkwato da sojojin doki wajen saba'in. Razdan Burdon ya kama hanyar tafiya hutu, sai muƙaddashinsa Preston-Hillary ya jagoranci tafiyar. A zatonsu kama mutum biyu uku za su yi su dawo. Hillary ya yi gaba don ya yi magana, sojoji na ƙoƙarin jeruwa, sai mutanen gari suka yo kansu da fartanya da gatari da kwari da baka. Dawakai suka firgita, jeri ya watse. Nan take aka kashe Hillary, da mataimakinsa Scott, da hafsan sojan Laftanar Blackwood, da sojoji baƙar fata 25. Har babbar bindiga mai ruwan harsashi, wadda ake kira Maxim, ta faɗa hannun mutanen Satiru. Shi ma Malam Isa ya samu rauni a wannan karo, bai daɗe ba ya rasu.

Ku duba fa. Shekara uku da cin daular Usmaniyya gaba ɗaya, sai ga manoma da fartanya sun yi wa Bature abin da rundunonin sarakuna ba su yi masa ba. Labari ya isa Zungeru wajen Gwamna Lugga ta wayar tangaraho, a daidai lokacin da yawancin sojojinsa suna can ƙasar Tibi, gefen Binuwai. Tsoronsa ɗaya ne, kada sarakuna su bi. Ba su bi ba. Sarkin Musulmi ya tsaya tare da Turawa. In za mu yi adalci, mutum ne da ya ga abin da ya faru a Burmi, kuma a wajensa da malaman fada, mutanen Satiru masu da'awar ƙarya ne da suka zubar da jinin maƙwabta, suka kuma ƙi biyayya.

Ran Asabar 10 ga Maris 1906, Manjo Goodwin ya iso da sojoji fiye da 500, tare da mahayan Sakkwato ƙarƙashin Marafa Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Mutanen Satiru suka sake yo kan bindiga kamar yadda suka yi da farko, amma wannan karon an shirya musu. Aka kashe kimanin mutum 2,000. Waɗanda suka gudu mahaya suka bi su cikin daji. Mata da yara wajen 3,000 aka kora zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidaje. Aka yanke wa Ɗan Makaho hukunci, aka kashe shi a kasuwa. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Girgizar ba ta tsaya a Sakkwato ba. A wannan shekara aka tuɓe Sarkin Gwandu. Ran 25 ga Afrilu aka faɗa wa Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu wanda har gobe ake kira Mai Shahada. Mu nan Katsina, kafin shekarar ta ƙare aka sauke Sarki Yero, aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa inda take har yau. A can nesa kuma, a shekarar ce Zulu suka yi tawayen Bambatha kan haraji, ga na Maji Maji yana ci a ƙasar Tanzaniya ta yanzu. Wato shekara ce da Bature ko'ina ba ya wasa da kalmar tawaye.

To yanzu ku sa kanku a matsayin saurayin da ya tsira daga wannan wuri. Bature na nemanka. Sarauta na nemanka. In bawa ne kai, ubangidanka na nemanka, domin dokar Lugga ta 1901 ba ta 'yanta bayin da ke hannu ba. 'Ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 ta ce 'ya'ya ne, ta hana kamu da sayarwa, amma babba sai dai ya fanshi kansa ta hanyar murgu, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ga bakin Sarkin Musulmi a kan garinku. Ina za ka? Kuma in ka je, me za ka ce sunan garinku?

A nan ne ƙasarmu ta shigo. Kudancin Katsina a farkon ƙarnin da ya wuce ba cike take kamar yanzu ba. Hare-haren Maraɗi na zamanin su Ɗan Baskore sun sa mutane sun takure cikin garuruwa masu ganuwa, daji ya cinye wurare da dama. Da ƙura ta lafa, sai ƙasar Maska da ƙasar Galadima suka zama masu neman hannu. Mai gari yana murna da baƙo, don kowane magidanci ƙarin haraji ne da ƙarin girma. Ka zo da gatarinka, a nuna maka daji, ka sare, ya zama naka. Ga kuma al'adar cin rani, Sakkwatawa na ratsowa ta Talatar Mafara da Gusau da Tsafe duk kaka, wasu su koma da damina, wasu su zauna. Daga baya auduga ta buɗe, kamfanin BCGA ya kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, baƙi suka ƙaru ta ko'ina. A cikin irin wannan taro, wa zai tsare ɗan cin rani da tambaya? Ka ce kai Basakkwace ne, magana ta ƙare.

Da na gama haɗa wannan a kaina, sai na nufi wajen Goggo, yayar mahaifina. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi wayo a gabansa, yanzu ta haura tamanin. Kun san wasan jika da kaka. Abin da ɗa ba zai iya tambayar ubansa ba saboda kunya, jika mace za ta hau cinyar tsoho ta tambaya, tana ce masa angona. To ita ce ta samu wannan dama.

Na yi kuskure a zuwan farko. Ina zama na ce, "Goggo, ashe Satiru gari ne, kakanmu ɗan tawaye ne?" Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya aiko ka?" Ta ja bakinta ta rufe. Na koma Funtuwa hannu rabbana. Zuwa na biyu na sayi goro da turare da 'yar atamfa, na kwana biyu, ban ambaci Satiru ba ko sau ɗaya. Tambayoyin banza na dinga yi. Me yake ci? Ina yake zama da hantsi? Yana da faɗa? Daga nan zare ya fara warwarewa, kuma abu huɗu na samu.

Na farko, tabo. Ta ce yana da wani rami a cinyarsa ta hagu, gaba da baya, har yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo. Ta taɓa sa yatsa a wurin ta ce, "Angona, me ya same ka nan?" Ya ce mata da harshensa na Sakkwato, "Zuman Nasara yah halbe ni." Ta ce har ta yi aure tana zaton akwai wani irin ƙudan zuma da ake kira haka. Jama'a, ciwon da ya shiga ta gaba ya fita ta baya, kun san ba zuma ba ne.

Na biyu, gudun Bature. Duk ranar da aka ce Joji ko Di'o zai zo rangadi, tun asuba zai ɗauki gatari ya shige daji, sai bayan isha. Audugarsa ma bai taɓa kai ta kasuwar awo da kansa ba, 'ya'yansa yake turawa. Da unguwar ta cika aka ce shi ne farkon zama, a ba shi mai unguwa, ya ƙi ƙememe, aka bai wa wanda ya zo bayansa. Mun daɗe muna ba da wannan labari a matsayin gudun duniya. Yanzu na gane mai unguwa shi ke tsayawa gaban mai rubutun haraji a tambaye shi sunansa da na ubansa.

Na uku shi ne ya fi kama ni. Ta ce duk shekara, in an yi Cika-ciki da kwana huɗu, sai ya sa a daka gumba mai yawa a raba wa almajirai, shi kuma ya wuni a ɗaki ba ya magana da kowa. Ba ranar Ashura ba, ta nanata, bayanta, har mutane na cewa tsoho ya rikita lissafi. Na dawo gida na buɗe jadawalin da ke juya kwanan watan Bature zuwa na Hijira. Ran 10 ga Maris 1906 ta faɗo wajen 14 ga Muharram 1324. Kwana huɗu bayan Cika-ciki. Goggo ba ta yi boko ba, ba ta taɓa jin sunan Goodwin ba, ba kuma ni na sa mata wannan lissafi a baki ba. Na daɗe zaune ina kallon takardar nan.

Na huɗu shi ne mai nauyin. Na tambaye ta tsagen fuskarsa. Ta ce ba irin na Gobirawa ba ne, ba na Kabawa ba, ba na Zamfarawa ba, duk ta san waɗannan a fuskar 'yan cin rani. Wani iri ne da ba ta sake gani a fuskar kowa ba. Kuma da aka haifi 'ya'yansa, ya hana wanzami ya yi musu irin nasa, ya ce a yi musu na mai masaukinsa. Ta ce ta taɓa matsa masa da tambayar garinsu, ya ce, "Garin da nih hito babu shi." Ta ce to kafin nan fa? Ya ce, "Shi ma babu shi." Mutumin da ya rasa gari sau biyu, mai tsagen da ba na ƙasar Sakkwato ba, wanda aka samu a ƙauyen da ya shahara da tara bayi gudaddu. Ba sai na ƙarasa muku ba.

Na samu ƙarin abu guda na lissafin shekaru. A gidanmu an san babban ɗansa an haife shi ana saura shekara ɗaya a yi yunwar Kakalaba, ita kuwa a 1914 ta yi tsanani. Ke nan kafin 1913 ya riga ya zauna, ya yi gona, ya yi aure. Wannan ya dace da wanda ya baro yamma a 1906 yana saurayi.

Daga nan na ce bari in nemi takarda. Na je Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, na kuma leƙa Arewa House. Na karanta rahoton shekara na Lugga, na karanta abin da Farfesa Adeleye ya rubuta a 1972, da na Lovejoy da Hogendorn na 1990, waɗanda su ne suka fi fito da maganar bayi a wannan tawaye. Abin da na gani shi ne, Turawa ukun da suka mutu kowa da sunansa da muƙaminsa. Sojoji baƙar fata, lamba ce, 25. Mutanen Satiru, in ka cire jagorori kaɗan, su ma lamba ce, 2,000 da 3,000. Rahotannin kimanta haraji na gundumomi kuma suna ƙirga maza da mata da shanu da gonaki, suna kawo sunan hakimi da dagaci, amma ba ruwansu da sunan wanda ya zo da gatari ya yi sassabe. Ban samu sunan kakanmu ba. Da ma shi duk rayuwarsa ƙoƙarin da ya yi ke nan, kada ya shiga takarda, kuma ya ci nasara.

Wani abu ya sa na ƙara jin zafin wannan. Shekara goma cif bayan Satiru, a 1916, mutanen Ailan suka yi wa wannan Ingilar tawaye a birnin Dablin. Su ma an murƙushe su cikin mako guda, aka kashe jagororinsu 16, cikinsu har da Roger Casement wanda ya taɓa aiki a Kalaba. Amma su daga baya sun samu ƙasarsu. Gwamnatinsu ta biya waɗanda suka yi yaƙin fansho, kowa ya cike takarda ya faɗi inda ya tsaya da wanda ya gan shi. A 1947 ta kafa ofishi na musamman da ya shekara goma yana bin tsofaffi, ya rubuta shaidar mutum 1,773. Yau jikan ɗan tawayen Ailan zai zauna a ɗakinsa ya buga sunan kakansa a intanet, takarda ta fito. A 1947 ɗin nan kakanmu yana raye, yana zaune gindin tsamiya, tafiyar sa'a ɗaya daga tashar jirgin Funtuwa. Ba wanda ya zo ya tambaye shi, kuma da an zo ma daji zai shige. Wanda tawayensa ya yi nasara, jikokinsa gadon takarda suke ci. Wanda aka ci da yaƙi, shiru yake bar musu, sai su koyi karanta shirun.

Saboda haka ga matsayata, a kan sikeli. Cewa ya zauna a Satiru kuma harsashi ya same shi a can, wannan na gamsu da shi, don suna da tabo da kwanan wata sun haɗu wuri ɗaya. Cewa bawa ne da ya gudo, wannan zato ne mai ƙarfi. Amma ba zan zo nan in ce muku shi ya kashe Bature, ko shi ya ƙwace bindiga ba. Kuma in ina son in yi alfahari da ranar 14 ga wata, dole in yarda mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka je Tsomau ran 13. Ba a gadon rabin kaka. Wataƙila gumbar nan da yake rabawa ba ta mamatansa kaɗai ba ce. Allah Shi ne masani, Shi ne kuma mai gafara.

Da na kai wa baffana wannan bayani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Yanzu kai saboda Allah, hawa iska za ka yi ka gaya wa duniya mu bayi ne? Kana da ƙanne mata a gidan nan. Ka manta in an zo neman aure asali ake bincike?" Ban iya ce masa ƙarya yake ba, domin kowa a nan ya san auren da ya lalace a kan wannan kalma, shekara kusan casa'in bayan an soke bauta. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Amma mutumin nan an kama shi, ya ƙi zama. An harbe shi, ya tashi. Ya tako sama da kilomita 300 da raunin harsashi, ya sare dajin da yau mutum fiye da ɗari ke ci daga cikinsa. In wannan abin kunya ne, to mene ne asali?" Ya yi shiru mai tsawo. Can ya ce, "Ka faɗa, amma ban da sunan gari, ban da sunan gida." Na ce na ɗauka. Da zan tafi ya kira ni ya ce, "Wane kwanan wata ka ce?" Na ce sha huɗu ga Muharram. Bana shi da kansa ya sa aka daka gumba.

Ga mai son ya bi sawun nasa, ga ɗan abin da na koya da kuɗin motata.

Ka fara da tsofaffin mata, musamman waɗanda suka yi wasan jika da wanda kake nema. Maza suna riƙe labarin da gida ke son a ji, mata suna riƙe abin da suka gani. Kada ka sa wa tsoho amsa a baki, in ka ce masa "ko a Satiru ne", zai iya cewa i don ya sallame ka. Ka tambayi ƙananan abubuwa: tabo, tsage, abincin da ba ya ci, ranar da yake sadaka, wanda yake gudu, kalmomin da yake faɗa da ba na garin ba. Ka ɗaure kowane labari da abin da aka san shekararsa, kamar Kakalaba, ko zuwan jirgi, ko naɗin wani hakimi. Ka duba bangon tsohon Alƙur'anin gida da kundin malamai, da yawa suna rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a can. Ka naɗi murya da izini, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya. Sannan ka raba abin da ka tabbatar da abin da kake zato, kada son zuciya ya sa ka mai da kakanka sarkin yaƙi.

Abu na ƙarshe. Hanyar nan da kakanmu ya biyo, ta Tsafe da 'Yankara, yau ma mutane na biyo ta da ƙullin kaya a ka. Ku zaga Funtuwa da Malumfashi da Bakori ku ga waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Akwai ƙauyukan da yanzu haka babu kowa a cikinsu. In kana da irin wannan baƙo a unguwarku, bayan ka ba shi abinci, ka zauna ka tambaye shi sunan garinsu, da sunan ubansa da kakansa, da waɗanda ya rasa, ka rubuta masa a littafi ya ajiye. Kada nan da shekara ɗari jikansa ya taso yana zaton sunan garinsu sunan wani ƙanen kakansa ne.

Allah Ya jiƙan mutanen Satiru da na Tsomau, da sojojin nan 25 da ba a rubuta sunansu ba, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa Goggo lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.